Goron Alƙalan Fure

Na je Amurka, na ba alƙalan fure goro, na dawo. Labarin ke nan. Amma tun da na sauka ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali a Kara, kasuwarmu ta shanu, ba. Wannan ya ce yaya ƙasar take, wancan ya ce da gaske ne kare yana da likita. Na gaji da maimaici. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Don haka na zaunar da Malam Sabo mai shagon buga takardu, ina faɗa yana rubutawa. Wanda ya ƙara tambayata, shagon zan nuna masa.

Sunana Alhaji Ɗanlami, dillalin shanu a Wudil. Kafin dillanci na daɗe ina bin tirela zuwa Kurmi, a saman shanu nake kwana. Mota ta taɓa kifewa da mu. 'Yan fashi sun tare mu ba sau ɗaya ba. Igiyar wani bijimi ta tafi da yatsu biyu na hannuna na dama. Ban mutu ba. Matata Kulu, wadda ba ta taɓa wuce Kano ba, ita ce ta rasu, a kan gadonta. Haka Allah yake lamarinsa.

'Yarmu ta fari tana Amurka. Ba na kama sunanta, Likita nake ce mata, kuma likitar ce. Ita ta aiko da tikiti. Ta ce in zo a cire mini yanar ido, kuma akwai abin da take so in gani da idona. Na ɗauka jika ne.

Jirgi ba wani abu ba ne. An ɗaure ni da ɗamara a kujera kamar ragon da za a kai Ikko. Saman shanu ya fi shi daɗi, domin saniya idan ka matsa ta takan gusa. Baturen da ke gefena bai gusa ba. An kawo abinci a wani ɗan akushi da ko kaza ba za ta ƙoshi da shi ba. Na ci burodin, na mayar da saura.

A bakin shiga ƙasar, wani ma'aikaci ya nuna mini gilashi mai koren haske, wai in ɗora yatsu huɗu. Na ɗora abin da nake da shi. Injin ya yi ƙara. Na sake ɗorawa, ya sake ƙara. Suka kira tafinta ta waya, wani Bahaushen Gana.

Tafinta ya ce, “Alhaji, wai ina sauran yatsun?”

Na ce, “Suna Ogbomosho.”

“Wai yaushe za su iso?”

“Ka ce masa kada ya jira su.”

Ya rubuta wani abu, ya buga mini hatimi. Ina tsaye wajen ɗaukar kaya sai ga wani ɗan guntun kare sanye da riga, ya zo ya zauna a gaban jakata yana kallona. A cikin jakar akwai kilishin da na sa aka yi wa Likita musamman. Suka kwashe shi duka, suna ta ba ni haƙuri da murmushi. A hanyar Kurmi wanda zai ƙwace maka kaya yakan zage ka tukuna, ka san inda ka tsaya. Waɗannan har godiya suka yi mini. Karen kuma aka ba shi biskit. Ke nan na shiga ƙasar mutane hannu rabbana.

Likita tana zaune a wani gari da ake kira Germantown. Mijinta, Injiniya Bashir, ya tare ni, ya gaishe ni yadda ya kamata, washegari aikinsa ya tafi da shi wata jiha. Unguwar shiru kamar an yi rasuwa. Gidaje iri ɗaya, ba mai zama a ƙofar gida, ba akuya ko ɗaya. Maƙwabci yakan ɗaga maka hannu daga cikin mota, gaisuwar ta ƙare. Abinci kuwa, sukan fara da ɗanyen ganye, wanda mu sai an dafa ko a ba dabba. Naman shanunsu taushi gare shi, amma ba ɗanɗano. Saniyar da ba ta taɓa tafiya ba ce. Likita ta ga ina juya cokali, ta koma yi mini tuwo da wani gari na cikin kwali. Ya yi kama da tuwo.

Masaukina a ƙarƙashin ƙasa yake. A can ba hukunci ba ne, ɗaki ne mai kyau da gado da banɗaki. Sai dai ba ni kaɗai ba ne a ciki. Rabin ɗakin tukwanen shuka ne a kan kanta, an kunna musu fitilu, ga fanka tana yi musu fifita, ga wani inji yana hura musu raɓa. Ni ban samu fanka ba.

Likita ta ja ni gaban wata tukunya. Ta ce, “Baba, ga abin da na ce ka zo ka gani.”

Na ce, “Ina?”

“Ga shi a gabanka.”

Na duba. Ba ƙasa a tukunyar, sai ɓawon itace. Saiwoyin duk a waje, tsirara. Ganye kauri kamar kunnen jaki, da wasu ƙulli uku da ba su buɗe ba.

“Wannan kaucin?”

“Okid sunansa, Baba.”

“Ana ci?”

“A'a.”

“Magani ne?”

“A'a.”

“Dabba na ci?”

“Kallo ake yi, Baba.”

Ta zauna a bakin gadon ta yi mini bayani. Ta ce shekarar da Innarta ta rasu ta saye shi, yana ɗan tsiro kamar farce. Tun daga nan take renonsa, ganye kawai yake ba ta. Bana ne ya fara ɗaukar fure. Ta ce akwai alƙalan wannan fure, suna zama sau ɗaya a wata. Idan suka duba suka ga ya kai, sukan ba shi lambar yabo, mai shi kuma ya raɗa masa suna. Sunan ya zauna ke nan. Duk wanda aka yanka wa reshensa, ko a wace ƙasa yake, da wannan sunan zai kira shi.

Ta ce, “Sunan Inna zan sa.”

Na ce, “To.”

Ta ce furen zai buɗe cikin makon nan, alƙalai za su zauna ranar Asabar. Idan Asabar ta wuce, kafin wani zaman ya zube. Sai kuma baɗi, idan ya ga dama.

Na tambaye ta su wane ne alƙalan, sarki ne ya naɗa su ko gwamnati. Ta ce ba ko ɗaya. Mutum yakan yi shekaru yana bin manya yana koyo, kamar yaron mota, kafin a yarda ya buɗe baki. Ana gwada idonsa a ga ko yana rarrabe launi. Dole ya riƙe kamannin furannin da suka ci a baya, domin da su ake auna sabo. Na ce albashin nawa ne. Ta ce ba albashi, da kuɗin mansu ma suke zuwa. Na ce to waɗannan ko waliyyai ne ko marasa aikin yi.

Ta ce in gwada idona, in zaɓi wanda ya fi kyau a ɗakin. Shekaruna nawa ina duba dabba. Na zagaya, na nuna wani ƙato mai ƙiba da faɗin ganye. Ta ce wannan tun da ta saye shi bai taɓa fure ba, tana shirin kyautar da shi. Ban ƙara zaɓe ba.

Ranar Juma'a ta haɗa ni da wani direban tasi ya kai ni masallaci. Isuhu sunansa, mutumin Damagaram, ya daɗe a ƙasar. Hausarsa rabi Faransanci ce, Turancinsa kuma Allah kaɗai ya san rabin mene ne. Bayan an sallame na ba shi labarin furen.

Ya ce, “Alhaji, shari'a gobe?”

Na ce, “Gobe.”

“Wa ya je ya gaida alƙalan?”

“Ba kowa.”

Ya kashe motar. Ya ce, “Ka ga matsalar 'yan boko ke nan. Mutum zai duba maka abu kyauta, da man motarsa, ba wanda ya je ya ce masa sannu? Ko a Damagaram ba a yin haka.”

Abin da ke raina ke nan tun jiya. Ni ban taɓa shiga gaban mai hukunci hannu sake ba. Ba cin hanci ba ne. Cin hanci a ɓoye ake ba da shi. Goro a fili ake miƙa shi, a ce ga mu, mun san girmanku. Kuma yarinyar nan ba ta da uwa. Idan ubanta yana gari bai tsaya mata ba, amfaninsa me?

Isuhu ya kai ni wani shago a Lanham, na wata Bahaushiyar Kumasi. Goro a cikin firiji, kamar magani. Kuɗin da ta faɗa ba zan maimaita ba, kada a ce na zautu. Na zaɓi manya, jajaye, daushe. Ban gaya wa Likita ba. Abin da uba zai yi wa 'yarsa ba ya shelarsa.

Asabar da asuba furen ya gama buɗewa. Guda uku, kowanne ya kai tafin hannu, farare, da jan leɓe a ƙasa. Ƙamshi ya cika ɗakin. A lokacin yanar tana idona, dishi-dishi na gan su. Muna cikin shiri aka kira Likita daga asibiti, wai sai ta zo. Ta tsaya tana kallon wayar, tana kallon tukunyar. Sai ta kira Isuhu. Ta tokare furannin da tsinke, ta sa musu auduga a tsakani kamar masu ciwo.

Ta ce, “Baba, don Allah kada ka taɓa furen. Kada iska ta buge shi. A bakin ƙofa akwai wata mata, ka miƙa mata shi da wannan takardar. Sai ka zauna a baya. Ina nan tafe. Kada ka ce komai.”

Na ce, “Ba na jin Turanci. Me zan ce?”

Hankalinta ya kwanta.

Tukunya ta zauna a kujerar gaba, aka ɗaura mata ɗamara. Ni na koma baya da gorona a aljihun babbar riga. Muka hau babban titin da ke gangarawa Washington. Isuhu yana tafiya kamar mai ɗauke da gawa, motoci suna wuce mu suna hon. Ya ce kada in damu, gaisuwa ce.

Wurin wani zaure ne a bayan wani babban lambu. Matar ƙofa ta karɓi tukunya, ta maƙala mata lamba, ta ajiye a kan dogon teburi cikin sauran. Na lura da abu ɗaya. Ba sunan kowa a jikin tukwanen, kuma ba wanda ya tsaya kusa da nasa yana yabonsa. Masu furanni sun koma baya sun zauna kamar ba su taɓa ganinsu ba. A Kara, saniyar da ba mai yabonta ta mutu tun tana tsaye. Na ce a raina, Allah ya kawo ni.

Alƙalan suna gefe suna shan gahawa, ba a fara ba. Yawancinsu tsofaffi, maza da mata, kowa da alama a ƙirji, da abin awo a aljihu, da gilashin ƙara gani rataye a wuya. Ba rawani, ba dogari. Na gyara hulata, na ce Isuhu ya biyo ni.

Na fara da wani dogo mai farin gemu, domin shi ya fi kama da babba. Na yi sallama, na miƙa masa goro da hannu biyu. Na ce, “Isuhu, gaya masa ni ne uban mai wancan furen, farin can mai jan leɓe. Sunan uwarta za ta sa masa, ta rasu. Ba mu zo da komai ba sai girmamawa. A duba mana da idon rahama.” Na nuna tukunyar da kyau don kada a yi kuskure.

Isuhu ya yi ta magana, ta fi tawa tsawo sau uku. Ban san abin da ya faɗa ba. Mai gemu ya dafa ƙirji, ya rusuna, ya karɓa. Sauran suka matso. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ban tsallake kowa ba, kowa na nuna masa tukunyar. Suka yi ta murna, wata har ta ɗauke ni hoto. Isuhu ya nuna musu yadda ake ɓantara. Suka ɓantara. Mai gemu hawaye suka zubo masa, amma bai tofar ba, ya ci gaba da taunawa yana gyaɗa kai. Mutane ne masu ladabi, wannan ba zan hana su ba.

Sai aka turo ƙofa. Wata tsohuwar Baturiya ta shigo tana dogara sanda, gajeriya, gashi fari fat. Ta dubi alƙalan, ta dubi bakinsu, ta dubi rigata. Ta ce, “Alhaji, barka da hantsi. Mi kaka yi nan?”

Na waiwaya in ga mai maganar. Ita ce. Ta ce tana budurwa ta koyar a wata makarantar 'yan mata a ƙasar Sakkwato, can aka sa mata Talatu. Ita ce shugabar zaman. Muka gaisa sosai, ta tambayi gida da iyali da gajiya, ba ta rage komai ba. Sannan ta juya ta yi wa alƙalan tambaya da Turanci. Duk suka ɗaga hannu kamar 'yan makaranta. Ta ƙara wata tambayar. Duk suka nuna tukunyarmu. Ta yi magana gajeriya. Na ga taunar ta tsaya a bakin kowa.

Ta ce, “Alhaji, zo mu zauna.”

Muka zauna. Ta ce, “A nan ba a son alƙali ya san mai fure. Don haka aka sa lamba. Wanda ya karɓi wani abu daga hannun mai shi, ko ruwa ne, idan an zo kan furen sai ya tashi ya fita.”

Na ce, “Goro ne fa, Hajiya.”

“Na san goro. Su ne ba su sani ba, sun ɗauka kowa ka zo gaisarwa. Ni na san abin da goro yake cewa.”

“To su dawo da shi.”

“Sun tauna.”

Na yi tunani. Na ce, “A ce goron na dukan furannin ne. Kowa ya samu, ba wanda ya fi wani.”

“Ka nuna da yatsa, Alhaji.”

“Yatsun ma ba su cika ba.”

Ta yi dariya har ta yi tari. Amma ba ta sauya magana ba. Na ce to ai ke ba ki ci ba, ki yi hukuncin. Ta ce mutum ɗaya ba ya hukunci, sai jama'a, don kada son ran mutum guda ya zama doka. Na nemi Isuhu. Ya tafi duba motarsa.

Aka fara zama. Na koma baya inda aka ce in zauna tun farko, na yi kallo. Sukan ɗauko tukunya su sa a tsakiya. Su zagaya ta, su leƙa ta gaba, su leƙa ta baya, su durƙusa su dube ta daga ƙasa. Wani ya kai ta bakin taga don hasken fitila yana ƙarya. Wani ya auna faɗin fure da tsawonsa. Wata ta buɗe kwamfuta ta fito da hotunan kakannin furen da suka ci a da, a jera su da shi. Su yi gardama ƙasa-ƙasa, ba mai rantsuwa, ba mai kama rigar wani. Sannan kowa ya juya baya ya rubuta makinsa shi kaɗai. Yawancin tukwanen haka aka mayar da su ba komai, masu su kuma ba wanda ya ce a sake dubawa. Wani ƙaton fure mai ruwan ɗorawa da na tabbata zai ci, kallo ɗaya suka yi masa suka wuce. Wani ɗan mitsitsi kamar ƙuda, kore, shi suka taru a kai da gilashi har na yi gyangyaɗi. Shi ya ci.

Aka zo kan tamu. Matar ƙofa ta ɗauko ta, ta ajiye a tsakiya, ta kira lamba. Alƙalan suka miƙe gaba ɗaya. Suka ɗauki rigunan sanyinsu, suka fita a jere, mai gemu a gaba. Suka tsaya a tsakar lambu cikin sanyi suna kallon sama. Sun fita ne don a yi shari'ar da ba mai yin ta. Dokarsu ce, kuma ba wanda ya yi murmushi.

Zaure ya rage daga ni sai Talatu sai furen, da masu kallo a baya. Ta miƙo hannu. Ta ce, “Ba ni nawa. Yau ni ma baƙuwa ce. Rabona da shi tun haƙorana na gaske.”

Na ba ta. Ta ɓantara kamar 'yar gida. Ta ja kujera kusa da tukunyar, ta ce in matso.

Ta ce, “Ka ga ana duba ko ya buɗe sosai, ko gefen dama ya yi daidai da na hagu. Ana duba farin, ko tsantsa ne ko da dauɗa. Ana duba kaurin furen, ko zai tsaya ko zai langaɓe. Ana duba yadda ukun suka zauna, ko kowa ya samu wurinsa. Sannan ka tuna duk irinsa da ka taɓa gani, ka tambayi kanka ko ya fi su.”

Na ce, “Kamar saniya.”

“Ban san saniya ba. Amma duk wannan ana koyonsa. Ido ana koyonsa. Riƙe baki ana koyonsa. Abin da ya fi wuya ƙafa ce. Ka ga abin da ka daɗe kana jiran gani, ka tashi ka fita.”

Ta nuna taga da sandarta. Mai gemu ya manna goshi a gilashi yana leƙen furen, haƙora jajaye. Da ya ga mun gan shi, ya koma kallon sama.

Na ce, “To ke, tsakaninki da Allah, da an yi, zai ci?”

Ta ce, “Bakina da goro, Alhaji.”

Daidai nan Likita ta iso, da kayan asibiti a jikinta. Ta ratsa ta cikin alƙalan da ke tsaye a waje, kowa ya kau da kai. Ta shigo. Talatu ta yi mata bayani da Turanci, a hankali. Likita ta dubi furen. Ta dubi aljihuna, inda sauran goron ya yi tudu. Sai ta durƙusa a gabana, a gaban mutane, ta ce, “Baba, sannu da ƙoƙari.”

An taɓa dukana da gindin bindiga. Wannan ya fi shi.

A motarta muka koma. Tukunya a gaba, ni a baya.

Cikin makon aka cire mini yanar ido. Furannin suna gefen gadona, suna zuba ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka kwance mini bandeji, guda ɗaya ya rage. Na tsaya a kansa da sabon ido. Farin ba fari kawai ba ne, yana ƙyalli kamar an barbaɗa masa gishiri. Jan leɓen kuwa irin jan lallen da Kulu take yi ne a tafin hannu idan Salla ta matso, mai duhu a tsakiya. Ban san ko ya kai a ba shi lamba ba. Ni ba alƙali ba ne. Na daɗe a tsaye.

Likita ta sauko ta same ni. Ta ce, “Ka gan shi yanzu?”

Na ce, “Na gan ta.”

Ta tsaya kusa da ni. Can ta ce wai mai gemu ya aiko a tambaya a ina ake sayar da abin nan mai ɗaci, tun ranar bai yi gyangyaɗi a wajen aiki ba. Ta fara dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ta koma dariya. Na ba ta sauran goron ta kai masa. Ta ce sai dai ta ba wani ya ba wani ya ba shi.

Dawowa ba labari. Ba kare, ba wanda ya nemi yatsuna.

Kasuwar da ta wuce, ɗan ƙanena ya kawo bijimi Kara. Shi da mai saye suka ce ni zan faɗi abin da ya dace, kowa ya yarda da ni. Yaron ya zo ya gaishe ni tun da safe, ya ba ni goro. Na ci. Da aka zo kan bijimin na tashi. Kara ba ta da ƙofa, don haka na je na tsaya a bayan wata tirela ina kallon sama. Suka yi ta nemana. Yanzu ana cewa Amurka ta taɓa ni. Yaron har yau bai sake gaishe ni ba.

Likita ta yi waya shekaranjiya. Ta ce tukunyar ta fitar da sabon toho. Idan ya yi fure, wani gari mai nisa za ta kai shi, inda ba wanda ya taɓa cin gorona. Ta ce bizata ba ta ƙare ba, za ta aiko da tikiti, amma sai bayan an gama. Kafin nan in zauna inda nake.

Ina Wudil. Ina zaune.